Saitin da ke sa cajin waya ya kai dare, da wanda ɓata lokaci ne kawai

Kafin ka kashe komai ko ka sauke wata manhaja, buɗe saitin wayarka ka shiga sashen batir. Ko Android ce ko iPhone, akwai shafi a wurin da ke jero manhajojin da suka sha caji, daga wadda ta fi zuƙa zuwa wadda ta ɗan taɓa, kowacce da kason da ta ci cikin ɗari. Yawancin wayoyi har raba maka suke yi: ga mintocin da manhaja ta yi a kan allo kana kallonta, ga waɗanda ta yi tana aiki a bayan fage wayar na cikin aljihu. Duk wanda ya miƙo mini wayarsa ya ce ba ta riƙe caji, wannan shafin nake fara buɗewa, kuma sau da yawa sai in tarar mai wayar bai ma san da zamansa ba.

Karanta shi ba wuya. Idan WhatsApp ce a sama, kuma ka san ka shafe awa uku kana hira da kiran bidiyo, to babu wani laifi a nan, kai ka kashe cajinka da hannunka. Abin nema shi ne manhajar da ba ka buɗe ba tun safe amma ta ci kashi 8 ko 10. Ita ce za ka kama. In kuma ka ga allo ne ko neman sabis ya ɗauki kaso mafi tsoka, ka san inda za ka dosa. Na nace a kan wannan ne saboda shawarwarin da ke yawo a kan batir suna jera abu ashirin kamar nauyinsu ɗaya. Ba ɗaya ba ne. Uku ne ke cinye kusan komai: allo, sabis, da manhajojin da ba sa barci. Sauran 'yan rakiya ne.

A kuma raba magana biyu tun yanzu. Sa caji ya kai ka dare daban, sa batirin kansa ya yi shekaru bai gaji ba daban. Ta farko zan fi daɗewa a kanta, ta biyu tana zuwa daga baya.

Allo

A mafi yawan wayoyi babu abin da ya kai allo shan caji, kuma a cikin allon ma haske ne jagora. In za ka yi abu ɗaya tak daga cikin duk abin da zan faɗa, to ka rage haske. Mutane na tura shi ƙarshe lokacin da suke cikin rana, su shiga ɗaki su manta, wayar ta yini tana haskawa kamar har yanzu tana waje. Maganin wannan shi ne ka kunna haske mai daidaita kansa. Akwai 'yar na'ura a saman allo da ke auna hasken wurin da kake, ta ƙara ko ta rage. A Android yana cikin sashen allo. A iPhone an ɓoye shi can cikin Accessibility, ƙarƙashin Display & Text Size, wurin da ba kowa zai yi tunanin dubawa ba. Wasu na cewa a kashe shi domin na'urar ita ma tana cin caji. Abin da take ci bai kai a yi magana ba in aka kwatanta da abin da take ragewa. Daga Android 9 zuwa sama ma wayar tana koyon halinka: in ta sa haske ka ja shi ƙasa, bayan 'yan kwanaki za ta riƙa tsayawa inda ka saba.

Sai lokacin da allo ke ɗauka kafin ya mutu da kansa. Na sha ganin wayoyin da aka sa wa minti biyar, har goma. Yi lissafi: in kana ɗaga waya sau hamsin a yini, kowane karo ka ajiye ta allo na ci na ƙarin minti biyu, ka ƙona sama da awa ɗaya da rabi na allo babu mai kallo. Sa daƙiƙa 30. In kana yawan karatu ya dame ka da mutuwa, sa minti ɗaya, kar ka wuce nan.

Abu na uku shi ne saurin da allo ke sabunta hoto. Tsofaffin wayoyi sau 60 suke yi a daƙiƙa. Na yanzu da yawa suna yin 90 ko 120, shi ya sa in ka ja shafi da yatsa kake jin yana sulɓi. Daɗi gare shi, ba musu, amma allo da injin zane na wayar suna aiki kusan ninki biyu. A Samsung sunansa Motion smoothness, ka mayar da shi Standard. A Pixel ana kiransa Smooth Display. A iPhone, tun daga 13 Pro na 2021 aka fara saka 120, kuma za ka iya tsayar da shi a 60 ta Accessibility, sashen Motion, Limit Frame Rate. Ga ra'ayina: in wayarka mai tsada ce da allonta ke sauka ƙasa da kansa lokacin da hoto ke tsaye, ribar ba ta da yawa, kana iya barinsa. In kuwa matsakaiciyar waya ce da ke maƙale a 90 ko 120 koyaushe, mayar da ita 60 yana daga cikin abubuwan da za ka ga bambancinsu a ranar. Idonka zai yi ƙorafi kwana biyu sannan ya saba.

Yanzu baƙin allo, wato Dark Mode mai mayar da farin shafi baƙi, wanda aka fi yi wa talla fiye da ƙimarsa. Ya shigo Android 10 da iOS 13 duk a 2019, kuma tun lokacin ake cewa shi ne maganin caji. Gaskiyar ta danganta da irin allonka. Allon OLED ko AMOLED kowane ɗigo nasa shi ke haskaka kansa, in wurin baƙi ne sai ɗigon ya mutu, bai ci komai ba. Allon LCD kuwa fitila ɗaya ce a baya da ke ci gaba da ci ko hoton fari ne ko baƙi, don haka baƙin allo a kansa ado ne kawai. Ko a OLED ɗin ma akwai sharaɗi. Masu bincike a jami'ar Purdue da ke Amurka sun auna wannan a 2021, suka gano cewa in hasken allo yana tsakanin kashi 30 zuwa 50, inda yawancin mutane ke barinsa a cikin ɗaki, komawa baƙi yana rage kashi 3 zuwa 9 ne kawai na wutar da ake ci. Sai in haske yana ƙarshe, kashi 100, ragin ke kaiwa kashi 39 zuwa 47. Wato mai aiki a rana shi ya fi cin moriyarsa. Kunna shi in allonka OLED ne, ba ka yi asara ba, amma kada ka sa ran abin mamaki.

Allon da ba ya mutuwa gaba ɗaya, mai nuna agogo ko da waya na kulle, shi ma yana tsotsa a hankali yini da dare. Ni na kashe nawa. In kana sonsa, a Samsung akwai zaɓin ya fito sai an taɓa allo, ko a ba shi lokacin da zai riƙa aiki. Haka ɗaga waya ta haska da kanta, da hoton bango mai motsi: kashe su. Wasu manyan wayoyi kuma suna ba ka zaɓin kaifin allo tsakanin QHD da FHD. A allon da bai kai inci bakwai ba, da wuya idonka ya gane bambanci, zaɓi na ƙasa, wato FHD.

Sabis

Wannan shi ne wanda mutane ba sa zargi, domin ba a ganinsa. Waya na magana ne da turken sadarwa mafi kusa. In turken na kusa, da ƙaramin ƙarfi take aika saƙo. In ya yi nisa, ko bango mai kauri ya shiga tsakani, dole ta ƙara ƙarfi, kamar mai kiran wanda ke tsallaken hanya, sai ya ɗaga murya. In sabis ɗin ya ɗauke gaba ɗaya sai ta shiga nema ba ƙaƙƙautawa. Shi ya sa wayar da ke kwana da kashi 90 a wuri mai sabis take iya wayar gari da 60 a ɗakin da sanda ɗaya ke zuwa tana tafiya, kuma ka taɓa ta ka ji ɗumi alhali ba ka yi komai da ita ba.

Abin yi: duk inda ka san babu sabis, cikin doguwar tafiya, ƙarƙashin gini, ko wani lungu da ka riga ka sani, danna alamar jirgin sama. Ba ka rasa komai ba tunda dama kira ba zai shigo ba. Kana iya kunna Wi-Fi bayan haka, zai yi aiki. In kuma akwai Wi-Fi mai kyau, yi amfani da shi maimakon data, domin ya fi data sauƙin caji, Apple ma haka ta rubuta a shawarwarinta.

Batun 5G na buƙatar ɗan tunani. A wurare da yawa 5G ɗin da ake da shi yana jingine ne da 4G, wayar na riƙe da duka biyun lokaci guda. In kana bakin iyakar inda yake kaiwa, sai ta riƙa hawa tana sauka tsakaninsu, kowane hawa da kuɗinsa a batir. A iPhone, daga 12 zuwa sama, akwai zaɓi uku a sashen data: 5G On, 5G Auto da LTE, wato 4G. Na tsakiyar yana amfani da 5G ne kawai in zai yi amfani, shi ne ya dace da yawancin mutane. A Android nemi inda aka rubuta irin netwok da aka fi so, ka zaɓi 4G in 5G ɗin unguwarku ba tsayayye ba ne. Don hira, karanta labarai da kallon bidiyo a ƙaramin allo, 4G ya wadatar. Amma kada ka wuce gona da iri ka sauka 3G ko 2G da sunan tattali. Data mai jinkiri tana sa allo da rediyon waya su daɗe a kunne suna jiran shafi ɗaya ya buɗe, a ƙarshe ka ci asara biyu.

Mai layi biyu ya sani cewa wayarsa tana gadin turke biyu ne. In ɗaya layin ba shi da sabis a inda kake, ko ajiye shi kawai kake yi, kashe shi daga saitin sim har sai ka buƙace shi. Raba data ga wasu ta hotspot kuwa yana cikin abubuwan da suka fi dafa waya. Ka sa ya riƙa mutuwa da kansa in babu wanda ya haɗa.

Manhajojin da ba sa barci

Koma shafin batir ka ɗauki sunayen da ka gani. A Android, in ka shiga bayanin kowace manhaja za ka ga zaɓi uku game da batir: a sake ta ba iyaka, a daidaita ta, ko a taƙaita ta. Na tsakiya shi ne na asali kuma ya dace da yawancinsu. Na ƙarshe ka ajiye shi ga masu taurin kai: manhajojin sayayya, wasanni, masu gyara hoto, duk wadda ba ta da dalilin yin wani abu in ba ka buɗe ta ba. Samsung tana da nata tsarin, inda ake sa manhaja barci ko barci mai nauyi. Wadda ke barci mai nauyi ba ta motsi ko kaɗan sai ka buɗe ta da hannunka. A iPhone sunan abin Background App Refresh, yana ƙarƙashin General, kuma kana iya kashe shi ga kowace manhaja ɗaya bayan ɗaya.

A nan ake yin ɓarna, don haka a kula. Kada ka taƙaita manhajar saƙo, ta ƙararrawar tashi, ta tunatar da shan magani, ko wadda ke haɗe da agogon hannunka. In ka yi, saƙo zai riƙa zuwa a makare, ƙararrawa ta ƙi bugawa. Wasu kamfanonin ma da kansu suke wuce gona da iri wajen kashe manhajoji, har sai ka je ka cire WhatsApp ko Telegram daga jerin da hannu kafin saƙo ya riƙa shigowa a kan lokaci. In ka taɓa buɗe manhaja saƙonni ashirin suka zubo lokaci guda, wannan ne dalili.

Tabbatar kuma Adaptive Battery yana kunne. Google ta kawo shi a Android 9 a 2018, yana lura da manhajojin da kake yawan buɗewa da waɗanda ka manta da su, ya rage wa na biyun dama. Kafin shi, tun Android 6 a 2015, akwai Doze, wanda ke tattara ayyukan bayan fage ya jinkirta su in waya ta daɗe a ajiye allo a kashe. Ina ambatonsu ne domin ka san cewa wayar tana da masu gadinta a ciki, kuma wannan ya kawo mu ga ɗabi'ar da na fi son mutane su bari.

Share manhajoji daga jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan, ɗaya bayan ɗaya, kowane minti goma. Kusan kowa na yi, kuma ba ya ƙara caji. Manhajar da ke cikin jerin nan yawanci a daskare take cikin ƙwaƙwalwar waya, ba ta aiki. In ka share ta, sa'an nan ka sake buɗewa bayan minti biyar, dole a ɗauko ta daga tushe, wanda ya fi tsada a batir. A 2016 wani ya aika wa Apple tambaya a kan haka, Craig Federighi, shugaban sashen manhaja na kamfanin, ya amsa cewa shi ba ya yi kuma ba ya taimakon batir. Share manhaja in ta maƙale ko ta haukace, shi ke nan amfaninsa. Manhajojin da ke alƙawarin sanyaya waya, goge shara da ninka caji kuwa, cire su yau. Aikinsu shi ne wannan sharewar da na ce ba ta da amfani, su kuma su zauna a bayan fage suna nuna maka talla da cajinka.

Sai wurin da kake. GPS na da ci, amma matsalar ba kunna shi ba ce, matsalar manhajojin da aka ba izinin tambayarsa koyaushe ne. Shiga izinin wuri ka duba jerin waɗanda aka ba dama a kowane lokaci. Ban da manhajar nemo waya in ta ɓata, da wataƙila ɗaya ko biyu da ka san dalilinsu, mayar da sauran zuwa sai lokacin da ake amfani da su. Android 10 ce ta kawo wannan zaɓin. Android 12 da iOS 14 kuma sun ƙara damar ba manhaja wuri na ƙiyasi maimakon daidai ƙofar gidanka, wanda ya ishi manhajar hasashen yanayi ko ta labarai. Ban ba da shawarar kashe wurin gaba ɗaya ba, domin ranar da wayar ta ɓace za ka so a ce yana kunne. A Android akwai wasu maɓallai biyu da aka ɓoye a sashen wuri, binciken Wi-Fi da binciken Bluetooth, waɗanda ke barin waya ta ci gaba da laluben na'urori ko ka kashe Wi-Fi da Bluetooth ɗin. Kana iya kashe su, sai dai taswira za ta ɗan rage kaifi a cikin gini.

Sanarwa ma caji ce. Kowacce tana tayar da waya, ta haska allo, ta yi girgiza, sannan ta ja hannunka ka ɗauka, ka ce daƙiƙa biyar, ka yi minti goma sha biyar. Na ƙarshen nan shi ne ainihin asarar. Kashe sanarwar duk manhajar da ba mutum ne ke nemanka ta cikinta ba. Zaurukan hira masu saƙo ɗari uku a yini, sa su shiru.

A cikin manhajojin kansu akwai 'yan gyare-gyare masu riba. A Facebook hana bidiyo tashi da kansa. A WhatsApp hana sauke hotuna da bidiyo kai tsaye in kana kan data, ka kuma sa ajiyar hira ta riƙa tafiya ta Wi-Fi kawai. Haka Google Photos da iCloud, da sabunta manhajoji daga Play Store. A YouTube, 480p ko 720p ya isa allon waya. In kana da akwatin imel da ba na gaggawa ba, sa a riƙa duba shi duk awa ko sai ka buɗe.

Ƙananan abubuwa

Bluetooth na zamani in ba ya haɗe da komai, abin da yake ci kaɗan ne ƙwarai, bar shi in kana amfani da abin kunne ko agogo. NFC, mai barinka ka biya kuɗi ta hanyar kanga waya a jikin na'ura, ma haka. Girgizar madannai tana ɗan ci, Apple ta faɗi haka lokacin da ta kawo ta a iOS 16, kashe ta in ba ka damu da ita ba. Sauraron “Hey Siri” ko “Hey Google”, in ba ka taɓa kiransu ba, babu dalilin barinsu a kunne. Duk waɗannan in ka haɗa su ba za su kai rage haske da kashi ashirin ba, don haka kada ka ɓata yammacinka a kansu.

Yanayin tattalin caji

Kowace waya tana da maɓalli ɗaya da ke yin rabin abin da na lissafa lokaci guda. A Android ya fara ne da Lollipop, wato Android 5, a 2014, a iPhone kuma Low Power Mode ya zo da iOS 9 a 2015. Na iPhone yana dakatar da sabuntawar bayan fage da ɗauko imel, ya tsayar da tura hotuna iCloud, ya mayar da mutuwar allo daƙiƙa 30, ya tsayar da allo a 60, alamar batir ta koma rawaya. Wayar na tambayarka in caji ya sauka kashi 20, ta sake a 10, kuma yanayin na kashe kansa in caji ya haura 80.

Kuskuren da ake yi shi ne jiran wannan tambayar. Tattalin kashi 20 ba zai kai ka ko'ina ba. In ka san yau doguwar rana ce kuma babu inda za ka sa caji, kunna shi tun da safe kana da kashi 90. A Android kana iya sa ya riƙa tashi da kansa a kason da ka zaɓa, ni 40 nake ganin ya fi dacewa. Ba ya cutar da waya ko ka bar shi yini guda, illa dai za ta ɗan yi nauyi kuma wasu saƙonni su makara. Akwai kuma mai tsanani, wanda Pixel ke kira Extreme Battery Saver, Xiaomi da Samsung da sauransu ma suna da irinsa, yana rufe komai sai kira, saƙo da 'yan manhajojin da ka zaɓa. Shiga ka zaɓe su yau da kake cikin natsuwa, ba ranar da kake da kashi 6 kana jiran kira ba.

Lafiyar batirin kansa

Batirin waya lithium ne, kuma abu uku ke tsufar da shi: zafi, daɗewa a cike maƙil, da faɗuwa ƙasa warwas. Zafi ne babba. Apple ta ce wayoyinta sun fi jin daɗi tsakanin digiri 16 zuwa 22 a ma'aunin Celsius, kuma zafin da ya haura 35 na iya rage ƙarfin batir ragin da ba ya dawowa. Kalmar “ba ya dawowa” ita ce abin lura. Sanyi mai tsanani na sa caji ya faɗi da sauri amma in wayar ta yi ɗumi sai ya dawo. Ɓarnar zafi kuwa ta zauna. Kada ka bar waya a gaban mota cikin rana, kada ka sa ta caji ƙarƙashin matashi, kada ka buga wasa mai nauyi tana jikin caja. In tana zafi lokacin caji, cire mata riga. Cajin da ba ya buƙatar igiya, na ɗorawa a kan faifai, ya fi na igiya kawo zafi. Samsung na barinka ka kashe caji mai sauri daga saiti, kuma da dare da ba ka gaggawa babu dalilin barinsa.

Batun cikawa yanzu saiti ya ɗauke maka wahalarsa. Tun iOS 13 iPhone na koyon lokacin da kake tashi, ta tsaya a kashi 80 cikin dare, ta ƙarasa dab da ka cire ta. Wani abu da mutane ba su sani ba shi ne wannan tsarin na aiki ne a wuraren da ka fi zama, kamar gida da wurin aiki, don haka in ka kashe saitin wuri gaba ɗaya yana iya ƙin tashi. Daga iPhone 15 na 2023 an ƙara zaɓin tsayawa a 80 ɗungurungum. Samsung na da kariyar batir, wadda a da take tsayawa a 85, sababbin kuma a 80. Pixel na da Adaptive Charging, daga baya ita ma ta samu iyakar 80. Wanne za ka zaɓa? In kana kaiwa dare da ragowar kashi 30 ko fiye, sa iyakar 80, ba za ka ji a jikinka ba. In kuwa da ƙyar kake kaiwa, kada ka yanke wa kanka kashi 20 yau don tsoron rasa shi bayan shekara biyu. Bar mai koyon halinka ya yi aikinsa.

Tsohuwar maganar cewa sai batir ya mutu gaba ɗaya kafin a sa caji, ko sabuwar waya sai ta yi awa takwas a jikin wuta, gadon batiran nickel ne na zamanin da. Lithium ya fi son ƙaramin caji akai-akai. Kada kuma ka ji tsoron cewa kowane sa caji yana cinye maka zagaye ɗaya. Zagaye ɗaya shi ne in jimillar abin da ka yi amfani da shi ta kai kashi 100, ko da 75 yau ne 25 gobe. Apple ta ce iPhone 14 zuwa ƙasa an yi su ne su riƙe kashi 80 na ƙarfinsu bayan zagaye 500, daga 15 kuma bayan 1,000. Tarayyar Turai ma daga Yunin 2025 ta wajabta wa sababbin wayoyin da za a sayar a ƙasashenta su kai zagaye 800 da kashi 80. In za ka ajiye waya ta daɗe ba a amfani da ita, bar ta da kusan rabin caji, a kashe, a wuri mai sanyi.

In ka sabunta tsarin waya ka ga caji na zuba, ba ta kwana biyu ko uku kafin ka yanke hukunci. Tana sake jera hotuna da fayiloli ne a bayan fage, yawanci yana lafawa da kansa.

Akwai kuma inda saiti ba ya kaiwa. A iPhone duba Battery Health a sashen batir, shafin da Apple ta ƙara a 2018 bayan ta amsa a ƙarshen 2017 cewa tana rage saurin wayoyin da batirinsu ya tsufa. A Samsung gwajin yana cikin manhajar Samsung Members. In ƙarfin ya sauka ƙasa da kashi 80, ko wayar na mutuwa tana nuna 25, ko tana tsalle daga 40 zuwa 15 cikin minti biyu, batirin ne ya gaji, a canza shi, wayar za ta iya ƙara shekaru. In kuwa ka ga bayanta ya ɗaga, ko allo ya fara rabuwa da jiki, batirin ya kumbura. Cire ta daga caji, kashe ta, kada ka danna wurin ko ka soka masa wani abu, ka kai wa mai gyara a ranar, tsohon batirin kuma kada a jefa shi cikin shara ko wuta.